Inuwar Katun a Blender: Amsa ga Ƙanena na Daura

Wani matashi daga Daura ya aiko mani da hotuna uku da tambaya guda. Yana haɗa ɗan gajeren katun na labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu domin yara, a Blender, manhajar haɗa katun a kwamfuta. Ya ce inuwar da ke fuskar Bayajidda tana fitowa a yayyage kamar ɓera ya ci gefenta, launukan da ya zaɓa suna koɗewa idan ya wanke hoton, wato ya sa kwamfuta ta fitar da shi a kammale, farin rawanin kuma ya koma ruwan toka. Kwana biyu ya yi yana jan alamar Color Ramp, akwatin da ke yanke inda haske zai tsaya inuwa ta fara, gaba da baya, abin ya ƙi. Tambayarsa ita ce, wace lamba ce daidai?

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira. Na duba hotunan da kyau, kuma abin da na gani shi ne matsala uku ce ta taru maka wuri ɗaya, kana neman maganinsu duka a maɓalli guda. Lambar da kake nema tana nan, zan ba ka ita, amma ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikin.

Ka fara gane daga inda salon nan ya fito. Masu katun na da a kan wata leda mai gani-har-hanji ta seluloyid suke zane, dabarar da Earl Hurd ya yi wa rajista a Amurka a 1914. Su ja layi ta gaba, su shafa fenti ta baya. Inda aka sa inuwa, abu launi biyu yake samu, ko uku idan an yi yawa: na haske da na inuwa, da iyaka tsaf a tsakani. Mai zanen ne ke yanke inda iyakar za ta bi, kuma yana aza ta ne inda fuska za ta yi kyau, ko da rana ba za ta aza ta can ba. Kwamfuta kuwa lissafi kawai ta iya. Tana bin ƙa'idar da Lambert ya rubuta tun 1760: wurin da ya fuskanci haske kai-tsaye ya fi haske, yana karkacewa hasken yana raguwa a hankali har ya ƙare. Duk aikinmu shi ne mu karɓi wannan hasken mai sauka sannu-sannu, mu datsa shi gida biyu, sannan mu ƙwace ikon iyakar daga hannun lissafi ya dawo hannunmu.

Koɗewar launi ita ce mai sauƙi, minti ɗaya ta ishe ka. Je shafin saitin wanke hoto, can ƙasa akwai Color Management, ka duba View Transform. Daga sigar 2.80 Blender tana zuwa ne a kan Filmic, daga 4.0 kuma aka mayar da ita AgX. An yi su ne don hoto ya yi kama da na kyamara, shi ya sa suke danne fari su rage kaifin launi. Mai katun bai buƙatar hakan. Mayar da shi Standard. Nan take rawanin Bayajidda zai dawo fari, jan da ka zaɓa ya fito jan. Kada ka zaɓi launi ko ɗaya kafin ka yi wannan, in ba haka ba duk sai ka sake.

Sai ka tabbata injin wanke hoton da kake kai, EEVEE ne ko Cycles. Akwatin Shader to RGB a EEVEE kaɗai yake aiki, shi kuma Toon BSDF na Cycles ne. Na sha ganin ɗalibi ya haɗa komai daidai, yana zaune a kan injin da bai dace ba yana mamakin abin da ke fitowa. Ga mai laftof irin namu, da wutar da ba ta zama, EEVEE nake ba da shawara, domin abin da kake gani a allo kusan shi ne zai fito, kuma firam ɗaya, wato hoto guda cikin jerin hotunan katun, ba ya cin lokaci. Jerin akwatunan da za ka jona don haɗa fentin jikin shi ne: Diffuse BSDF ya shiga Shader to RGB, shi ya shiga Color Ramp, shi kuma ya shiga Emission, daga nan zuwa mafita. Launin Diffuse ɗin ka mayar da shi fari tas, domin a kan 0.8 yake zuwa. Aikinsa auna haske ne kurum, launin jiki daga baya yake shigowa.

Yanzu ga lambar. Ka goge fitilun nan huɗu da na gani a hotonka, ka bar fitilar rana guda ɗaya. Kowace fitila ƙarin lissafi take zubawa a cikin ma'aunin, iyakar inuwa ta rarrabu. Idan ƙarfin ranar yana kan 1, farin wuri da ya fuskance ta sosai ba ya wuce kusan 0.32 a ma'auni, shi ya sa da ka kai alama 0.5 sai komai ya zama inuwa. Ni nakan sa ƙarfin a 3.14. Da haka wurin da ya fi haske ya zama 1 daidai, wanda ya karkace da digiri 60 ya zama 0.5, wanda ya juya gefe gaba ɗaya ya zama sifili. Ka ga yanzu lambobin suna da ma'ana, ba laluben duhu kake ba. Hasken sararin duniyar ma ka mayar da shi baƙi, ko ka sani cewa ruwan tokan da yake zuwa da shi yana ƙara kusan 0.05 a ko'ina. A kan Color Ramp ka zaɓi Constant, alamar inuwa a sifili, ta haske tsakanin 0.1 da 0.3. Ƙaramar lamba na ba da ƙaramar inuwa da fuska a washe, wanda ya dace da katun na yara. Babbar lamba na cika fuska da duhu, ka ajiye ta sai daren da Bayajidda ya tsaya bakin rijiya. Idan bakin inuwar ya yi maka kaifi da yawa, koma Linear ka matso da alamomin biyu dab da juna, misali 0.20 da 0.22, sai ya yi ɗan laushi kamar bakin buroshi.

To amma ko ka yi duk wannan, fuskar nan za ta ci gaba da yagewa, kuma nan ne ainihin maganar.

Siffar da ka gina raga ce ta ƙananan gidaje. Kowane lungu na ragar yana ɗauke da wata kibiya da ba a gani, wadda ke faɗa wa kwamfuta ina wurin yake kallo. Masu sana'a na kiranta nomal. Hasken ba da siffar yake lissafi ba, da kibiyoyin yake yi. A inuwa mai sauka a hankali, idan kibiya ɗaya ta ɗan kauce ba wanda zai lura. Da ka datsa hasken gida biyu, duk ɗan kuskuren ya fito fili, domin iyakar sai ta bi kowane ƙaramin tudu da kwari: gefen hanci, ƙasan ido, inda layuka biyar suka haɗu a kumatu. A hotonka na biyu, ɗan baƙin tabon nan mai kusurwa uku a gefen baki daga nan yake.

Na taɓa yi wa wani mai shagon kayan masarufi a nan Katsina ɗan talla, da wani yaro mai tura baro a ciki. Dare uku ina fama da inuwar fuskarsa, ina ƙara yawan gidajen raga har laftof ta fara nishi. Da na buɗe nunin kibiyoyin sai na ga na kumatu sun watse kowace ta kama gabanta, kamar kaji an watsa masu tsaba. Ranar na daina ƙara raga, na koma gyaran kibiya.

Ga yadda ake yi. Da farko ka tabbata ka danna Shade Smooth. Sannan ka ɗauko ƙwallo, ka ja shi ya zama kamar ƙwai daidai girman kan, ka lulluɓe kan da shi, ka ɓoye shi daga kyamara. A kan fuskar ka sa modifaya, wato gyaran da ake ɗora wa siffa daga sama, mai suna Data Transfer, ka nuna mashi ƙwan, ka kunna Face Corner Data ka zaɓi Custom Normals, hanyar ɗauka kuma Nearest Face Interpolated. Abin da ka yi shi ne ka ara wa fuskar kibiyoyin ƙwai. Siffarta ba ta canza ba, hanci na nan, leɓe na nan, amma haske zai bi ta kamar yana bin ƙwai, iyakar inuwa ta zama layi ɗaya mai santsi daga goshi zuwa haɓa. Kada ka ba kai duka. Ka ware rukunin ɗigogin raga (Vertex Group) na goshi da kumatu da haɓa, ka bar kunne da ƙasan hanci da wuya da nasu, ka shafa gefen rukunin ya narke a hankali don kada a ga ɗinki. Idan sigarka ta gaza 4.1 sai ka kunna Auto Smooth, in ba haka ba aron ba zai kama ba. Daga 4.1 an cire wannan maɓallin, ba ka da buƙatarsa. Kuma tunda Bayajidda zai juya kai, modifayar ta zauna sama da ta ƙashin da ke motsa jikin (Armature) a jeri, ko ka tabbatar da ita tun kafin ka fara motsa shi. Idan ta zauna ƙasa, yana waiwayawa fuskar za ta fita daga cikin ƙwan, inuwar ta riƙa rawa.

Wannan dabarar ta fi amfani ma a kan babbar riga. Idan ka sassaƙa kowace ninkin riga, inuwa za ta tarwatse ta zama ɗige-ɗige. Ka ara mata kibiyoyin wata siffa mai santsi kamar ƙararrawa, ninki uku ko huɗu da ke gangarowa daga kafaɗa ka zana su da layi. Ido ya fi yarda da hakan.

Akwai kuma inuwar da kake so ta zauna daram ko ina rana ta juya: ƙasan haɓa, cikin kunne, goshin da rawani ya rufe, cikin hannun riga. Ita wannan da hannu ake shafa ta. Ka buɗe fentin ɗigogi (Vertex Paint), ka bar ko'ina fari, ka baƙanta waɗannan wuraren, sannan ka ninka wannan fentin da abin da ya fito daga Shader to RGB kafin ya shiga Color Ramp. Inda ka baƙanta ba zai taɓa tsallake alamar haske ba. Inda ka sa ruwan toka zai riga sauran shiga inuwa ya kuma makara wajen fita. Masu wasannin kwamfuta na Japan da ke son aikinsu ya yi kama da zanen hannu da irin wannan suke aiki, har sukan ba kowane mutum a fage nasa hasken daban. Kai ma kana iya yi: ka ɗauki nomal daga akwatin Geometry, ka haɗa shi da wata kibiya da ka zaɓa ta hanyar Dot Product, ka tura sakamakon cikin Color Ramp. Ba fitila ko ɗaya a ciki, kuma yana aiki a injinan biyu. Abin da za ka rasa shi ne inuwar da wani abu ke jefawa kan wani. Ga fuska sau da yawa hakan riba ce, domin inuwar da hanci ke jefawa kan kumatu ba kasafai take kyau a katun ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan launin inuwa, domin abin yana damuna. Yawancin darussan da matasanmu ke koyo da su an yi su ne a kan farar fata, kuma hanyar gaggawa da ake nunawa ita ce a ninka launin jiki da ruwan toka. A fatarmu wannan ɓarna ce. Lokacin da na nuna wa mahaifiyata yaron nan mai baro a waya, ta riƙe ta nesa da ido ta kalla, sai ta ce, "Wannan yaron ba shi da lafiya ne? Ya yi furu-furu kamar wanda hunturu ya buga bai shafa mai ba." Gaskiya ta faɗa. Tokar ta kashe jinin fatar. Washegari da la'asar na zauna gindin wata bishiya kusa da Ƙofar Soro ina kallon fuskokin masu wucewa, na ɗan runtse ido don ƙananan abubuwa su ɓace. Wani dattijo ya tsaya gyara sarƙar kekensa, rana na dukan rabin fuskarsa. Ɓangaren inuwar ba baƙi ba ne ko kaɗan. Ja ne mai zurfi kamar tsohuwar tukunya, yana ɗan karkata zuwa ruwan goro, a saman ƙashin kumatu kuma ga wani ɗan sheƙi mai ɗauke da launin sama. Farar rigarsa kuwa inuwarta shuɗi-shuɗi ce daga kafaɗa, daga ƙasa ta ɗauko jan ƙasar da yake tsaye a kai.

Saboda haka kada ka ninka, zaɓa za ka yi. A kan Color Ramp ɗin kansa ka sa launi biyu da ka zaɓa da idonka. Na inuwar fata ka rage haskensa da kamar kashi ɗaya cikin uku, ka karkatar da shi wajen ja, ka ɗan ƙara mashi ƙarfi maimakon ragewa. Idan fatar mai duhu ce sosai, tazarar haske da inuwa ta zama ƙarama, in ba haka ba ido da baki za su nutse. Abin da ke fito da siffar irin wannan fuska shi ne mataki na uku, ɗan siririn haske a goshi da karan hanci da gefen kumatu. Farin rawani inuwarsa shuɗi mai haske. Ja da koren dogarai, jan ya gangara wajen ruwan zoɓo, koren ya gangara wajen shuɗi. Bangon ƙasa irin na hasumiyar Gobarau inuwarsa na son ɗan ruwan makuba. Kai da ke Daura, lokacin Sallar Gani ka fita da waya ka ɗauki mahaya da rana tsaka da kuma yamma, ka zo ka tsinci launukan daga hotunan. Ya fi duk wani jerin launi da za ka sauke daga intanet.

In kana son sheƙin shadda ko na rawani ɗan Kura, sai ka ja reshe na biyu: Glossy BSDF ya shiga nasa Shader to RGB da nasa Color Ramp, ka aza abin da ya fito a kan launin rigar. Roughness ne ke faɗaɗa sheƙin ko ya tsuke shi. Na ɗan Kura kada ka yi shi fari, sheƙinsa jaja-jaja ne a kan baƙin shuɗi. Kuma ka taƙaita, idan komai na sheƙi mutanenka za su zama kamar 'yan tsanar roba.

Inuwar da ke faɗuwa ƙasa a hotonka na uku, mai baki kamar zarto, wannan daga fitila ne. Ka rage Angle na ranar ya kusa sifili don bakin ya yi kaifi. A EEVEE na kafin 4.2 ka kashe Soft Shadows, ka ɗaga Cascade Size daga 1024 zuwa 2048 ko 4096. Daga 4.2, da ta fito a Yulin 2024, an sake gina tsarin inuwar baki ɗaya, sai ka nemi Resolution Limit a saitin fitilar ka rage lambarsa. Shawara ta gaskiya: sigar da ka fara aikin da ita, ka gama da ita. Inuwar da ka saita a 3.6 ba za ta fito iri ɗaya a 4.2 ba.

Saura layin gefe. Hanya mafi sauƙi ga na'urarka ita ce modifayar Solidify. Ka ƙara fenti na biyu mai duhu na Emission, ka kunna mashi Backface Culling. A modifayar ka sa kauri kaɗan, ka kunna Flip na nomal, Material Offset ya zama 1. Wato ka saka wa mutumin riga a bai-bai, wadda ba a ganinta sai ta gefe. Ka fara danna Ctrl da A ka tabbatar da girman siffar, in ba haka ba layin zai yi kauri a wani gefe ya sirance a wani. Idan mutumin ya koma inuwa gaba ɗaya, rigar ce ta tare mashi rana: a tsohon EEVEE ka mayar da Shadow Mode na fentin layin None, a sabo ka kunna Shadow a ƙarƙashin Backface Culling. Layin kada ya zama baƙi ƙirin a kan fata, ruwan ƙasa mai duhu sosai ya fi daɗin ido. Ka kuma ba kaurin rukunin ɗigogi, ya sirance wajen ido da yatsu, ya yi kauri a kafaɗa da gindin riga, kamar yadda alƙalamin kara ke yi a kan allo idan hannu ya juya. Don gine-gine da bakin rijiya, Line Art na Grease Pencil da ya zo a 2.93 ya fi kama layukan ciki. Freestyle ma na nan, sai dai yana da nauyi, ga dogon katun zai cinye maka dare.

Kafin ka wanke dukan firam ɗin, fitar da sakan biyar kawai inda Bayajidda ke juya kai daga hagu zuwa dama, ka tura wa kanka ta WhatsApp, ka kalla a ƙaramar waya a tsakar gida da rana. A nan yaran za su gani. Matsewar da ake yi wa bidiyo tana cinye siririn layi, don haka a hoto mai tsawon fiksel 1080 nakan bar layin ya kai fiksel 3. Idan inuwar fuskar ta zame sumul daga kunci zuwa kunci ba ta yi tsalle ba, ka ci gaba. Idan ta yi tsalle a wani wuri, tsayar da firam ɗin, buɗe nunin kibiyoyi a daidai wurin, ka turo mani hoton tare da sigar Blender ɗin da kake kai mu duba tare.